Rijiyar Baba da Haƙoran Tsuntsuwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ban saba yi maka ba, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da matarmu da tagwaye da yayarsu Tsuntsuwa. Allah Ya ƙara wa mai jego ƙarfin jiki, Ya raya yaran, Ya sa kada ko ɗaya ya ɗauko kunnuwanka. Mu ma nan alhamdu lillahi. Inna tana nan kalau, sai dai tun da hotonku ya iso ta maƙala shi a jikin madubin shagona, wai nan mutane suka fi shiga. Yanzu duk wanda ya zo awon riga sai ya dube ka kana dariya da haƙora farare tas, ya juyo ya dube ni da nawa masu kalar tsatsa, ya tambaya ko da gaske uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na fara ce musu tallar man goge baki ce na yanko daga jarida.

Baba ne dai jiki ya ƙi. Ka san tun zuwanka na ƙarshe wuyansa ba ya juyawa, in an kira shi sai ya juyo gaba ɗayansa kamar ƙofa. To yanzu bayan ma ya sandare, salla a kan kujera yake yi, takalmi ma sai an tura masa ƙafa ciki. Ni kuwa ka san halina, shekara nawa ina kwaikwayon tafiyarsa a tsakar gida ana dariya, har shi ma yakan yi. Sai ga shi bara gwiwoyina suka fara ciwo da gaske. In na wuni ina taka keken ɗinki, tashi sai na dafa teburin yanka. Da na faɗa a gida ba wanda ya yarda. Gwaggo ta ce wannan karon na fi kowane lokaci iyawa, har da su yamutsa fuska. Inna ta ce in ma gaske ne, alhakin Baba ne ya kama ni. Wata takwas ina ɗingishi ana tafa mini.

Likitar da na kai Baba wurinta ce ta fara yarda. Ina riƙe da shi muna shiga, ta bar mara lafiya ta zuba mini ido, ta ce in buɗe baki. Na ɗauka ƙaunata ce ta kama ta. Ta tambayi ruwan da muke sha da shekarun da muka yi muna shan sa, ta sa aka ɗauki hoton ƙashinmu mu biyu, ta kuma ba ni kwalba in cika daga rijiyar gida a kai gwaji. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta yi bayani. Wai akwai wani sinadari, fulorayid sunansa, da ruwa ke kwasowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori, amma in ya yi yawa yakan ɓata haƙoran yaro tun suna cikin dasashi, in kuma aka daɗe ana sha yakan taru a ƙashi, gaɓoɓi su yi tauri, baya ya sandare. Ta ce na rijiyarmu ya zarce ƙima nesa ba kusa ba. Ba ta yi rantsuwa cewa shi kaɗai ne ciwon Baba ba, tunda akwai shekaru, amma ta ce hoton nasa ya yi kama da hakan sosai. Ni nawa da sauƙi, in na canja ruwa akwai fatan ciwon ya lafa. Haƙora dai sun tafi ke nan.

Yaya, rijiyar nan fa ita ce abin alfaharinmu. Baba ya haƙa ta da hannunsa har ya fasa dutse, ta fi ta kowa zurfi a layinmu, ruwanta garau, ko rani bai taɓa ƙafar da ita ba. Ga wautar da ta fi ba ni haushi. Tun da Baba ya fara ciwo, Inna ba ta ba shi ruwa sai ta dafa, kuma ba tafasa ɗaya ba, sai tukunya ta koma rabi, wai gwargwadon daɗewarsa a wuta gwargwadon tsarkinsa. Ni ma da na fara kuka da gwiwa ta riƙa tsiyaya mini a kofi, ko da wasa nake. Likita ta riƙe kai da ta ji. Ta ce wuta ba ta taɓa wannan sinadari, ruwan ne ke tashi ya bar shi a ƙasan tukunya, wato kullum ninki ake ba mu. Ruwan sama kuma, wanda ta ce shi ne mai sauƙin abin, ka tuna me muke yi da shi? Wanki. Rigunanmu sun sha lafiyayyen ruwa shekara da shekaru, mu muna shan na dutse.

Da na dawo shago na zauna gaban hotonka, wallahi raina ya ɓaci. Kai Kawu ya ɗauka kana shekara uku ya tafi da kai, ka tashi da ruwan famfo, ka yi makaranta, ka miƙe kamar sanda. Ni aka bari da allo da guga. Duk yarintata ina jin Inna tana tausayinka, wai yaronta na can yana shan ruwa mai warin ƙarfe. Har jarka take cikawa daga rijiya ta ce in kai tasha a ba direba ya kai maka. Bari in faɗa maka yau: ko ɗaya ba ta taɓa shiga mota ba. A bayan shagon mai faci nake zama in sha iya cikina, in zubar da sauran, don kada ka ɗanɗani abin da yake namu. Ashe rabonka nake shanyewa. Ko a mugunta ma kai ka ci riba, wannan wace irin sa'a ce Allah Ya ba ka?

Yanzu ga dalilin takardar. Ka aiko cewa ƙarshen watan nan za ka kawo Tsuntsuwa ta zauna wurin Inna shekara biyu ko uku, har tagwaye su yi wayo. Sakamakon gwajin nan sati uku ke nan yana aljihuna. Ka kira ni sau biyu a ciki, muka yi hirar yadin da kake so, ban ce maka komai ba. Ba mantuwa na yi ba. Wata zuciya ce ta riƙa raya mini cewa a bar ta ta zo, gidanku ma a samu mai irin bakina, a ga ko za a ci gaba da liƙa hoto a madubi. Na ji kunyar rubuta wannan, amma gara ka ji daga gare ni. Shekaranjiya ina ɗinka mata 'yar rigar da Inna ta sa ni, na auna tsawon da ka turo, na ga duka-duka bai kai tsayin teburina ba. Shekararta huɗu, haƙoran girmanta yanzu suke haɗuwa a ciki, daidai lokacin da likita ta ce abin ya fi kamawa. Na ajiye almakashi, na kasa gama hannun rigar.

Kada ka ce ai sai a canja mata ruwa. Na gwada. Na sayi ganga biyu na tarar ruwan sama, kuma kullum da safe ina turo baro daga famfon tsallaken titi, wanda aka gwada aka ce ba laifi. Baba ya karɓa, sai dai ya daina zama a gefen da rijiyar take. Inna ce ta ƙi. Ta ce ruwan da mijinta ya fasa dutse ya fito da shi ba zai cuci jininsa ba, likita yarinya ce, ni kuma maƙaryaci ne tun ina goye. Sau biyu ina kama ta tana ƙara guga ɗaya a randa, wai don ya yi daɗin sha. Na sa wa murfin rijiyar kwaɗo, ta sa maƙeri ya cire. Jikar da ta fi so a duniya kuwa, ka san ba za ta shayar da ita ruwan baro ba. Za ta dafa mata na rijiya har ya koma rabi, da bismilla da ƙauna.

Don haka, Yaya, kada ka kawo ta. Ku nemi wata dabara, ko ƙanwar matarmu ta zo ta taya ku, ko Gwaggo ta je, ta ce a shirye take. In Inna na son ganin jikarta, ka aiko mota ta ɗauke ta. Amma kada ka ce mata saboda rijiya ne, don za ta ji kamar ka zagi Baba, kuma ta riga ta share ɗaki ta sayi katifa. Ka ce mata ni ne na hana, na ce in yarinyar ta zo ni zan bar gidan, ba zan zauna ina kallo a mayar da ni ɗan aike ba. Za ta yi fushi da ni wata biyu, ta daina ajiye mini abinci, amma ba za ta yi musu ba. Duk abin da na faɗa a gidan nan ba a yarda, wannan kaɗai za a karɓa ba tambaya.

Ka gaida Kawu da kyau, ka ce masa ƙaramin da ya bari yana nan bai huce ba. Ka gaida matarmu, ka shafa mini kan tagwaye. Baba yana sa muku albarka, Gwaggo da mai faci suna gaisuwa. Rigar Tsuntsuwa zan gama ta in ba direba, wannan karon za ta iso. Allah Ya tsare ku, Ya ba Baba sauƙi, Ya yafe mini sati ukun nan.

Wassalam.

Ƙaninka,
Tela