Shekarun da Baban Rachida Ya Tsallake

Greensboro, watan Satumba

Zuwa ga Yayata Kouloussoum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Damagaram. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa kin rage taurin kai kina shan maganin. Mu nan mun gode Allah, sai abin da ba a rasa ba.

Daouda ɗan garinmu zai taho gida ya kawo miki saƙo, shi ya sa na zauna na rubuta. Ta waya ba na iyawa, da na fara sai kuka ya zo mini, ke kuma ki hau ni da faɗa.

Maganar ɗana na fari ce, mai sunan Baba. Kin san ba na kama sunansa, to ko a takarda ma hannuna ya ƙi. Kan nasa ya ƙara matsawa, ga ciwo, ga mantuwa, ga saurin fushi. An sallame shi daga wurin aiki. Matarsa Ibtissam ta ce ran nan ya fita sayo madara, aka tsince shi a tashar bas ta cikin gari, bai san abin da ya kai shi ba. Likita ya ce dukan da kansa ya sha a wasan ƙwallo ne yake fitowa yanzu, kuma ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Yaro ɗan shekara talatin da kaɗan, Yaya. Ina jin tsoro ƙwarai.

Ba balon da kika sani ba ne. Tasu kamar gwanda take, da hannu ake jifa, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Akwai guda ɗaya da ake miƙa wa ƙwallon, shi ke duba fili ya jefa, ana ce masa kwatabak. Duk ƙartin ɗaya ɓangaren shi suke nema su danne. Wannan matsayin ɗana ya riƙe a lakwal ɗin unguwarmu, wato makarantar sakandare, kuma a zamaninsa ne suka ɗauki kofin da ba su taɓa ɗauka ba.

Maigidan kuwa, Baban Rachida, tun zuwanmu ƙasar nan shi ke tuƙa bas ɗin da ke kai 'yan wasan lakwal ɗin garuruwa. Wasan ya shiga jininsa. Mutumin da ba ya tuna shekarar aurenmu, amma ki tambaye shi kwatabak ɗin da aka yi tun kafin a haifi 'yarmu Rachida, sai ya zayyano miki su da sunayen da ya laƙa musu. Akwai Dogo, na shekarun casa'in, mai hannu kamar majajjawa amma ƙafa nauyi. Akwai Bahago, wai ya fi kowa wayo, sai dai da an buge shi sau ɗaya ya tsorata. Akwai Zomo, wanda gudu ya fi masa jifa daɗi. Duk Lahadi shi da abokansa suna zaman fada, majalisar hirarsu, a bayan garejin Dachung, wani makanike mutumin Jos, ana shayi ana gardamar wane ya fi wane har shayin ya huce. Da gardama ta zo kan shekarun ɗanmu, sai maigidan ya miƙe wai zai yi alwala.

Mu mun san kunya ce ta ɗan fari. Baba ma haka ya yi da ke har ya koma ga Allah, kuma ba ki taɓa shakkar yana son ki ba. Amma wannan yaro a nan aka haife shi. Ya tashi yana ganin iyayen abokansa suna ihu da sunan 'ya'yansu a bakin fili, nasa uban kuwa a shekarun nan har musayar bas ya yi da wani direba don kada a gan su tare. A bayan wayar shingen filin yake tsayawa, wurin ajiye motoci, ya kalli wasan ya riga kowa dawowa gida. Yaron bai taɓa jin ya ce masa ya yi ƙoƙari ba.

Wata mai zuwa lakwal za ta tara tsofaffin 'yan wasanta a yi walima, kuma sun roƙi Baban Rachida ya yi magana, tunda babu wanda ya daɗe kamarsa. Ibtissam ta ce mijinta yana mance komai, amma bai mance ranar walimar nan ba. Ki taya ni addu'a bakin uban ya buɗe.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hamsatou

Greensboro, watan Oktoba

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan alheri, yaya gida, yaya jikin Malam? Na ji saƙonki, na gode da addu'a. Rachida za ta ɗauki hoton wannan takardar ta turo miki.

An yi walimar, da ma ba mu je ba.

Tun a mota na lallaɓa maigidan, na ce ko kalma ɗaya ce ya faɗa, yaron ba shi da lafiya. Ya ce ya ji. Muka isa zauren cike da mutane. Na ga Dogo da idona, ashe ya yi furfura har yana dogara sanda. Bahago ya zama fasto, Zomo ya yi tumbin da ko kaza ba zai kama ba. Ɗana yana zaune a tebur ɗaya da su cikin kwat ɗin aurensa, ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa.

Baban Rachida ya hau ya karɓi lasifika, da Turancinsa mai ɗingishi, amma wallahi ya riƙe zauren. Ya ba da labarin ranar da Dogo ya yi jifa cikin ruwan sama, ƙwallon ta keta rabin fili. Ya tsokani Bahago, ya tsokani Zomo, ya gwada wannan da wancan, ana ta dariya ana tafi. Kowanne da ya ambata sai ya miƙe a tafa masa. Da ya iso shekarun kofi, na ga ɗana ya dafa tebur ya fara ɗagowa. Uban ya kalli ƙasa. Sai ya ce a shekarun nan masu tsaron baya sun yi aiki, Allah kuma ya ba da sa'a. Ya wuce zuwa yaron da ya biyo baya.

Ɗana ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune, mutane suna kallonsa suna kallon uban. Dachung ya fara tafi shi kaɗai don ya rufa asiri, abin ya ƙara muni. Yaron ya ɗauki kofin ruwa ya rotsa shi a bango, ya fita. Ibtissam ta bi shi tana kuka.

Yaya, ban taɓa ɗaga wa maigidan murya ba sai ran nan. Na ce masa kunyar da ta hana ka duban ɗanka yana nutsewa, ka jiƙa ta ka sha. Ya ci gaba da tuƙinsa. Muna isa gida ya zauna a mota ya ƙi fitowa. Daga baya ya ce mini ya shirya maganar tsaf, ya yi ta maimaita ta a bas, amma da ya buɗe baki sai ya ji kamar tufafinsa zai tuɓe a gaban jama'a. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don ni ma da ni aka miƙa wa lasifikar ban san me zan yi ba.

Yanzu yaron ya ce kada ubansa ya sake taka masa gida. Ya ce wa Ibtissam ya ba da kansa a filin nan don mutum ɗaya ya gani, mutumin kuma bai gani ba.

Ki sa Malam ya yi mana addu'a.

Taki,
Hamsatou

Greensboro, watan Disamba

Yaya Kouloussoum,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, yaya sanyi a wajenku? Ki gafarce ni da jinkiri, ban samu natsuwar rubutu ba.

Baban Rachida ya je wurin yaron. Ya daɗe yana juya abin, ya daina zuwa fada, abinci ma sai na matsa. Wata Asabar da hantsi ya ce in raka shi Pleasant Garden, wani ɗan ƙauye a bayan gari inda yaron da matarsa suke zaune yanzu saboda likita ya ce a nisanta shi da hayaniya. Muka tarar da yaron a baranda lulluɓe da bargo. Ya ga ubansa ya kau da kai.

Maigidan ya ja kujera ya zauna dab da shi, ya kira shi da sunansa. Ni dai sai na zauna a matakala. Ya ce masa ya ga duk wasanninsa ta bayan waya. Ya ce Dogo ya fi shi ƙarfin hannu, Zomo ya fi shi gudu, amma babu wanda zai ga ƙato ya taso masa ya tsaya cak har sai ya saki ƙwallon inda ya dace, sai shi. Ya ce a duk waɗanda ya gani, shi ne na ɗaya. Ya ce kuma da ya san tsayawar nan ce za ta cinye masa kai, da ya tsallaka wayar ya janye shi daga filin. Yaron ya kifa kansa a cinyar ubansa yana kuka kamar na goye. Na dawo gida ranar ina jin an sauke mini dutse daga ƙirji.

Washegari Ibtissam ta kira ni. Ta ce yaron ya tashi bai san mun je ba. Ta rantse masa, ya ce ƙarya take yi don ta kwantar masa da hankali. Walimar kuwa tana nan daram a kansa, har launin rigar da uban ya sa. Likita ya ce haka ciwon yake, wani abu ya kama, wani ya zame, kuma sabo ya fi saurin zamewa.

Na gaya wa maigidan. Ya ɗauki makullin mota ya koma. Tun daga ranar, da ya ajiye bas da yamma can yake nufa. Kullum yaron ya tarbe shi da fushi, kullum uban ya ja kujera ya faro daga Dogo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso kansa. Wani lokaci yaron ya yi kuka, wani lokaci ya kore shi tun bai kai Bahago ba. Jiya maigidan ya dawo da jini a leɓe, ya ce ƙofar mota ce, ban yi masa gardama ba.

Na tambaye shi har yaushe zai yi ta wannan jeka-ka-dawo. Ya ce shekarun da ya tsallake suna da yawa, bai ma fara ba.

Ki gaida Malam da yara. Ki yafe mini in na sake yin shiru.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hamsatou