Muryar Baba a Wayar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Ƙofar Wambai lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Na rubuto ne don kada Inna ta ji ina maganar a waya.

Wayar nan mai sauƙin kuɗi da ka saya mata ce. Batirinta ba laifi, yakan kwana biyu, sautinta kuma da ƙarfi, Inna na ji ba sai ta kara a kunne ba. Amma ba ta da wuri. Tun da Inna ta shiga takaba dangi ke turo wa'azi da hotuna, har ta cika. Shekaranjiya ta ɗau zafi, ta tsaya cak, ta ƙi buɗewa.

Na kai wa Emeka mai gyara. Ya ce, "Hajiya, sai an wanke shi, komai zai tafi." Na karɓi abata na dawo.

Yaya, saƙonnin muryar Baba suna ciki. Kullum bayan la'asar sai Inna ta kunna wanda yake cewa a rage wa miya gishiri. Na ce mata caji wayar take yi. Yau sau uku tana tambayata ko ta cika.

Don Allah ka duba wayarka. Duk abin da Baba ya taɓa tura maka, ko faɗa ne, ka turo mini.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ban san me zan gaya mata gobe da la'asar ba.

Ƙanwarka,
Hauwa