Tankin Tsohuwa

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya kunne, ya Maman yara da shago? Mu nan lafiya lau. Da waya zan kira, to tun haɗarin nan in an kira ka sai dai ka yi ta "eh? eh?" har kati ya ƙare, shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda.

Yaya, tafiyar nan da muka shekara goma sha biyar muna cewa za mu yi, daga ƙofar gida har bakin teku a kan babur, na ɗaura niyya. Nan da mako uku, ranar Asabar, in Allah ya yarda. Ba ni kaɗai ba ne. Akwai maƙwabcina a layin shaguna, mai gyaran waya, ana ce masa Injiniya. Ya girme ni da shekara huɗu, baburinsa irin nawa ne, kuma ba ya gudun banza.

Inda muka maƙale shi ne hanya. Wayarsa ta ce babban titi, kwana huɗu, kwalta tun daga nan har can. Ni kuwa na ce ba zan kwana huɗu ina shaƙar hayaƙin tirela ba. Akwai hanyar duwatsu, amma an ce zaftarewa ta cinye gefe guda. Sai tsohuwar hanya, wadda ka bi kai kaɗai a kan baburinka Tsohuwa, daga mararraba a sauka kwalta a miƙe ta fili har mafitar kogi. Ita raina ke so, ita ce kuma wayar Yaya Injiniya ba ta nuna ko rabinta.

Don Allah ka ara mana littafinka na hanya, ka kuma faɗa mana wadda za mu bi. Abin da ka ce shi za a yi.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Auta

Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan inda mota ta bar ta, kunne ma haka. Na gode da tambaya.

Na karanta takardarka sau uku. Karo na farko na yi murna. Karo na biyu na tsaya a wuri ɗaya. Yaya Injiniya! Ashe an yi mana ƙarin ɗan'uwa ban sani ba? Ka gaishe min da shi, ka tambaye shi ko shi ne ya riƙe maka bayan babur a filin makaranta ranar da ka shige cikin ragar ƙwallo kana kiran sunan Inna.

Ka ce tafiyar da "muka" ce za mu yi. To ga shi za a yi ta, sai dai an canza mutum ɗaya kamar yadda ake canza fulogi. Ba komai. Gurgu mai sayar da sarƙa da sauran kayan babur, me zai ce?

Hanya kuwa, babban titi na masu sauri ne da masu tsoro. Hanyar duwatsu ka manta da ita, birkinku ba zai kai ku ƙasa ba. Tsohuwar hanya ita ce hanya. In dai abokinka zai iya yini bai ga sabis a waya ba ba tare da ya suma ba, ku bi ta.

Ga littafin nan na naɗe a leda. Ka sani, agogon Tsohuwa a mace yake tun ranar da na saye ta, don haka ba za ka ga kilomita ko ɗaya a ciki ba. Da tanki na auna ƙasar nan: nan rabin tanki, can tanki da kwata. Kada a jiƙa min shi, kada a naɗe min kunnen shafi.

Yayanka, na asali

Laraba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Littafi ya iso, mun gode ƙwarai. Maganar ragar ƙwallo kuwa na karanta wa Injiniya, ya yi dariya har waya ta faɗi daga hannunsa.

Wallahi Yaya, ya kamu da son littafin nan. Kwana uku yana kan teburinsa. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya rubuta har inda iccen inuwa yake da inda yashi ke kama taya ba. Ya ɗan yi lissafinsa a gefen shafi da jan biro, amma ƙanana ne, ba su taɓa rubutunka ba.

Mun tsaya a kan tsohuwar hanya. Ga yadda muka tsara: kwana biyu a kwalta zuwa mararraba, mu cika tanki a gidan man ƙarshe. A shafi na ashirin da ɗaya ka rubuta: "Daga mararraba zuwa mafita, tanki ɗaya cif, na isa a rizab, ɗan man ƙarshe. Babu mai, babu gari." Injiniya ya ce tunda baburanmu irin Tsohuwa ne, kuma sababbi, tanki ɗaya zai kai mu har da saura. Saboda haka ba za mu ɗauki jarka ba, kaya ya yi yawa, gara a sa jakar sifana da tayar ciki a wurin.

In akwai abin da ka ga ba daidai ba a tsarin nan, Yaya, ka faɗa min. Direba na zuwa kullum.

Naka, Auta

Laraba

Ƙanwata Malama,

Sallama da gaisuwa. Ya makaranta, ya maigidan? Na ga saƙonki cewa in zo ranar Asabar a yi wa Auta rakiya. Ba zan zo ba. In zo in tsaya da sanda ina ɗaga hannu, wani ƙato sanye da hular kwano yana tsaye a inda ya kamata in tsaya?

Ke kaɗai zan iya gaya wa, kishi nake yi. Kishi na sosai, irin wanda ke sa abinci ya zama kamar takarda a baki. Shekara huɗu ina zaune a shagon nan, babura na wucewa ina ganin su ba na jin su. Abu ɗaya ya rage min, littafin nan, da cewa ni na san hanyar. Yanzu wani mai gyaran waya ya zana min jan biro a ciki. Jan biro, Malama, kamar yadda kike wa 'yan aji uku!

To ga abin da na yi. Mako guda ke nan Auta ya rubuto cewa ba za su ɗauki jarkar mai ba, don littafi ya ce tanki ɗaya. Littafi bai yi ƙarya ba. Amma tankin Tsohuwa ba irin na kowa ba ne. Kafin tafiyata na sa mai walda ya yanka shi ya ƙara masa ciki. Nasu lita goma sha biyu ne, nawa ashirin. Ban rubuta haka a ko'ina ba, don ni nake karanta abina. Mai zai ƙare musu sun ɗan wuce rabi, a tsakiyar fili.

Na rubuta masa gargaɗi sau biyu, sau biyu na yaga. Cewa nake a raina, bari Yaya Injiniya ya tura babur a yashi ya ga ƙarshen lissafi. Bari Auta ya zauna a rana ya ce, da Yayana na nan da haka ba ta faru ba. Akwai rijiyar makiyaya a wajen, ba za su mutu ba. Haka nake gaya wa kaina.

Ina da sauran kwana uku. Wataƙila gobe in rubuta. Kada ki ce masa komai, ni zan faɗa da kaina.

Yayanki

Alhamis

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice.

Ba ka da kwana uku. Sun tafi yau da safe. Injiniya ya ga alamar ruwan sama na zuwa, suka matso da tafiyar. Takardarka ta same ni da azahar ina tsakiyar aji, na bar yara na fita. Na kira wayar Auta sau tara ba ta shiga, ta Injiniya ma haka. Na tura saƙo, har yanzu bai buɗe ba.

Rijiyar makiyaya! Rijiyar da ka gani shekara goma sha biyar da suka wuce? Ka san ko ta ƙafe? Haba Yaya. Matar Auta na nan da ciki wata bakwai tana ninke masa kayan da ya bari, tana cewa ai hankalinta kwance tunda littafin Yaya na hannunsa. Ban iya kallon idonta ba.

Yau da safe kafin ya tayar da babur sau biyu yana tambayata ko direba ya kawo takarda daga wajenka. Na ce babu. Sai ya sa hularsa.

Jibi da safe za su sauka daga kwalta. Ka san abin yi.

Malama

Juma'a

Auta,

Wannan takarda na ba direban motar fasinja ya kai wa mai gidan man mararraba. Allah ya sa ta riske ka.

KADA KU SHIGA FILI DA TANKI ƊAYA. Tankin Tsohuwa lita ashirin ne, an yi masa ƙari. Kowannenku ya ɗaura jarkar lita goma, da ruwan sha ninki biyu. In babu wuri, ku zubar da komai ku ɗauki mai.

Ba mantuwa na yi ba. Tun ranar da na karanta takardarka na sani, na yi shiru da gangan, don ina jin haushin wani zai ga abin da ni da kai ya kamata mu gani. Ba ni da wata hujja bayan wannan. Tun da takardar Malama ta zo na kasa zama, na je tasha sau huɗu da sandata har ƙafar ta kumbura.

Ka zage ni in ka dawo. Ka dai dawo.

Yayanka

Litinin, daga mafitar kogi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya, mu da babura. Nan akwai sabis, zan ɗauki hoton takardar nan in tura wayar Maman yara.

Yaya, ka manta wanda ya kai tankin Tsohuwa wurin mai walda? Ni ne. Ina shekara ashirin, na rungume shi a ƙirji tun daga gida, warin fetur ya kwana uku a rigata. Ni na riƙe mazurari ranar da muka gwada shi, muna ƙirgawa tare har ashirin, ka buga min kafaɗa ka ce wata rana da irinsa biyu za mu tafi.

Jarka huɗu na cikin kayanmu tun daga gida. Da Injiniya ya karanta shafi na ashirin da ɗaya na gaya masa maganar tankin a take. Abin da na rubuta maka cewa ba za mu ɗauka ba, ƙarya na yi, kuma shi bai san na rubuta ba. Amsarka ta farko ce ta tsaya min a rai. Na so in san ko haushin ya tsaya a baki ne, ko ya gangara ƙasa. Na ce gobe Yaya zai aiko da takarda yana zagina, yana cewa wawa, ka manta tankin? Kwana takwas ina zuwa tasha ina tambayar direba.

Saƙon Malama ya shigo wayata tun daren Juma'a. Amma ba nata nake jira ba. Ranar Asabar na ce wa Injiniya sarƙata na ƙara, muka yini a mararraba ina kwance ta ina ɗaurawa, shi kuma yana mamaki don lafiyarta ƙalau. Da la'asar motar fasinja ta tsaya, mai gidan mai ya miƙo min takardarka. Na zagaya bayan famfo na karanta, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba.

Mai ya ƙare mana daidai inda ka san zai ƙare. Na tsaya na duba. Ba icce, ba inuwa. Rijiyar da ka zana ta rufta, sai ramin yashi. Muka juye jarka muka wuce. Injiniya ya ce, "Yayanka gwani ne, komai yana inda ya ce." Na ce masa haka ne.

Ni ma ban kyauta ba da na gwada ka. Amma ban san yadda zan zauna kusa da kai a bencin shago ba bayan kwana takwas ɗin nan. Ina ta neman yadda zan yi, ban samu ba tukuna.

Jirgin fito sai Laraba. Daga can littafin saura shafi uku.

Auta

Talata

Auta,

Alhamdu lillahi da kuka isa. Na karanta. Ba zan roƙe ka ka yi saurin yafe min ba.

In kun haye, shafi na ashirin da huɗu ya ce a bi dama. Ku bi hagu. Ɓata na yi a wurin, na yini ina zagaye, kunya ta hana ni gyarawa. Shi ke nan abin da na ɓoye, babu saura.

Akwai fararen shafuka a ƙarshe. Ka ba Injiniya ya cike su, ko da jan biron ne. Ya fara da rubuta lita ashirin a saman shafi na ashirin da ɗaya, da manyan baƙi.

Ranar da za ku dawo zan zo tasha da sandata. In ka ga dama ka tsaya. In ka wuce ma, zan dai ga ka wuce da ƙafafunka biyu.

Allah ya kiyaye hanya.
Yayanka