Gyambon Kwanciya Sha Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Baba? Allah ya sa shan maganin yake, ba tura shi ƙarƙashin matashi ba.

Yaya, wani abu ya tsaya min a rai. Kin tuna Anti Sannu-Sannu, tsohuwar nas ɗin da ta koya min neman jijiya lokacin da na fara aikin asibiti? To, ofis sun fitar da ƙididdigar wata shida ta gyambon kwanciya, ciwon nan da ke fita a bayan majinyaci idan ya daɗe ba a juya shi ba. Cikin mutum ashirin da suka samu a ɗakin jinyarmu, sha huɗu majinyatanta ne. An ce sakaci ne. Ranar Laraba za ta zauna gaban kwamiti, har ana raɗe-raɗin ritayar dole.

Ni dai abin bai shige ni ba. Matar da ko abinci take ci, in awa biyu ta cika sai ta ajiye cokali ta je juya mutane? Ruwa ba ya tsami banza. Kin san ni da bin diddigi, har na karɓo fayilolin majinyatan.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ya gida, ya ɗawainiya? Saƙonki ya iso, na gode.

Na raba fayilolin gida biyu: masu iya juya kansu da waɗanda sai an juya su. Ashe duk masu gyambon daga kashi na biyu suke. Su sittin da takwas ne, hamsin da shida a hannun Anti, mu nas biyar kuwa sha biyu kacal. A wajenta, ɗaya cikin huɗu ne ya yi gyambo. A wajenmu, rabi! Sau uku na sake lissafin, har shayina ya huce.

Murna ta kama ni, sai kuma na tambayi kaina: ya aka yi duk suka taru a wajenta? Na buɗe littafin rabon gadaje. Yaya, rubutuna ne, shafi bayan shafi. Duk wanda aka kawo mai shanyewar jiki, sai mu ce a kai wa Anti, ita ce gwana. A baki girmamawa ce, amma gaskiya bayanmu muke tattali. Ita kuwa sai dai ta karɓa, ta ƙara ɗaure ƙugunta da ɗankwali. Wallahi kunya ta ishe ni.

Na so in kai musu lissafin kawai in bar littafin a durowa. Amma in na yi haka za a wanke ta ranar Laraba, ranar Alhamis kuma mu ci gaba da tura mata. Don haka duka biyun zan kai, ko da ni za a zaunar a kujerar da aka tanadar mata. Tsoro nake ji, ki sa ni a addu'a.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta