Sawun Mutum a Gefen Ƙasusuwan Kwarin Baba

Gonar Fosheim, gabashin Montana
Watan Satumba

Zuwa ga Yayana Arlen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Marit da yara, da kuma aikin gyaran jiragen mishan da ya hana ka leƙo mu. Kullum muna sa ku a addu'a idan mun zauna cin abinci, Allah ya tsare ku daga zazzaɓin Bolibiya, ya ƙara maka ƙarfi. Mu ma nan lafiya ƙalau. An gama yankan ciyawa, bana ta fi ta bara kyau. Gwiwar Baba tana nan tana damunsa, amma ka san shi, sanda ya ƙi, likita ya ƙi. Goggo Thelma ta koma gidan tsofaffi a gari, tana ta faɗa da masu girki wai ba su san gishiri ba. 'Yarka Signe ta yi hutun nan duka a wurinmu, makon jiya ta koma jami'a. A kan abin da ya faru tana nan ne na ɗauki alƙalami, don ba magana ce ta waya ba.

Ka tuna kwarin da ke bayan makiyayar arewa, inda muke zuwa neman shanun da suka ɓata? Da ƙanƙara ta narke bana, ruwa ya zo da ƙarfi ya ci gaɓar, sai ga ƙasusuwa sun leƙo. Baba ne ya fara gani. Ƙaho ɗaya kawai ya fi hannuna tsawo. Signe, da yake ilimin duwatsu take karantawa, ta duba ta ce kan irin ƙattin dabbobin nan ne masu ƙaho uku da suka ƙare, kuma ya yi shekara miliyan sittin da wani abu a kwance. Muna kan tebur ta faɗi haka. Baba ya ajiye cokali ya ce ashe Farfesa tana wurin ranar jana'izar, shi ya sa ta riƙe kwanan wata. Ita kuma ta ce ai Kaka ne ya fi kusa da zamanin, shi ya kamata a tambaya ko ya taɓa kiwon irinsu. Aka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba. Baba ya rufe da cewa Ruwan Tsufana na zamanin Nuhu ne ya binne dabbar, kamar yadda yake koya wa ajin manya ranar Lahadi tun muna yara.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, 'yarka na fara sa wa ido. Tana zuwa majami'a, tana waƙa, tana addu'a, amma ta ce ita ba ta ga faɗa tsakanin Littafin Farawa da duwatsu ba. Wai Farawa yana gaya mana wanda ya yi duniya da dalilin yin ta, duwatsu kuma suna nuna tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. Har cewa ta yi sauyawar halittu sannu a hankali, wata daga wata, tana iya zama hanyar da Allah ya bi. Na ce a raina haka malamansu suke farawa, da daɗin baki, kafin su raba yaro da bangaskiyarsa. Haka aka yi da ɗana Kurt, wanda ya tafi karatu da Littafi Mai Tsarki a jaka, ya dawo yana kiran sa tatsuniya. Har leɓenta nake kallo idan ana addu'a, in ga ko yana motsi.

Ana cikin haka sai ga baƙo, wani Royce Tillman, da sabuwar mota da takalmi mai sheƙi wanda bai taɓa taka kashin shanu ba. Ya ce gidan tarihi yake ginawa a kudu domin nuna wa duniya gaskiyar Ruwan Tsufana. Tun ranar farko yake kiran mahaifinmu Baba, ya riƙe hannunsa ya yi addu'a har kofi ya huce. Ni ban rufe ido ba, kuma na ga shi ma bai rufe nasa ba, ta taga yake leƙen hanyar kwari. Na tambaye shi wa ya ba shi labarin ƙasusuwan, ya ce Ruhu ne ya bishe shi. Daga baya na ji ashe mijina Duane ne ya yi ta surutu a shagon abincin dabbobi. Duane kam ya rungumi mutumin hannu biyu. Tun da Kurt ya daina zuwa majami'a, Duane yake neman wani abu da zai ajiye a gaban yaron wanda ba zai iya musu da shi ba.

Sai Baba ya tsiri fita da sassafe a a-kori-kura, ba ya gaya wa kowa inda za shi. Na ce shi ke nan, Royce yana jan tsohon gefe don ya sa masa hannu a wani abu. Wata safiya na bi shi a kan doki. Da na kai bakin kwari sai na iske shi zaune a kan bokiti, Signe tana durƙushe a gabansa tana nuna masa gaɓar hawa-hawa. Ta nuna masa wani baƙin layi ta ce daji ne da ya tsiro ya mutu, a samansa ga ƙasa da alamun saiwoyi, a saman wannan kuma ga wani dajin. Ta ce Kaka ya gaya mata yadda ruwa guda zai jira itatuwa su girma kafin ya ci gaba da zuba. Baba ya daɗe yana murza ƙasar a yatsunsa. Sa'an nan ya ce shi dai ba wanda zai sa shi ya kira biri kakansa, amma ya yarda garken da yake kiwo yau ba shi da kama da wanda ubansa ya shigo da shi, kuma shi da kansa ya zaɓi bijiman da suka sauya shi. Ya ƙara da cewa akwai abin da ya daɗe yana damunsa bai taɓa faɗa a aji ba: sai a rana ta huɗu aka halicci rana, to da wane agogo aka auna ukun farko? Na juya dokina ba su gan ni ba. Na dawo gida raina a jagule, ban san wa zan fi jin tsoro ba, baƙon ko jikar.

Bayan kwanaki Royce ya dawo da mai ɗaukar hoton bidiyo, ya ce duk mu zo kwari mu ga abin al'ajabi. A kan wani faffaɗan dutse, taku kaɗan daga ƙahon, ga sawun ƙafar mutum, da yatsu biyar reras. Duane har hawaye ya yi. Royce ya ce ga shaida, mutum da dabbar sun yi zamani ɗaya, abin da ya rage kawai Baba ya tsaya gaban kyamara ya ce shi ya tarar da sawun haka. Signe ta sunkuya ta duba, ta ce gefen ramin sabo ne fil, kuma cikinsa akwai zane-zanen ƙarfe. Royce ya yi murmushi ya ce 'yar jami'a ai dole ta kare malamanta. Baba bai kula shi ba. Ya ce a kan dutsen nan yake ajiye butar kofinsa kowace safiya, kuma da akwai ƙafa a wurin da ya sani. Royce ya matsa kusa ya ce ko da ido bai lura ba, ai zuciya ta gaskata, kuma rayuka da yawa za su tsira ta wannan hoton. Baba ya ce Allahn da yake bauta wa bai talauce ba har ya nemi aron ƙarya a wurinsa, shi Orvin Fosheim. Ya ce masa ya kwashe kayansa, kuma ya rufe ƙyauren shinge idan ya fita kada shanu su bi shi.

Da ma a nan maganar ta tsaya. Royce bai bar gari ba sai da ya zaga gidajen dattawan ikilisiya, ya ce musu tsufa ya kama Baba, jikarsa ta juya masa kai. Aka kira taro bayan sujada, aka tambayi Baba a gaban jama'a ko har yanzu ya gaskata a kwana shida aka halicci duniya, irin kwananmu. Ya miƙe yana dafa benci. Ya ce ya gaskata Allah ne ya yi sama da ƙasa, ya gaskata shi mai zunubi ne wanda Almasihu ya fansa, kuma a kan waɗannan zai mutu. Tsawon kwanakin kuwa, da ya ɗauka ya sani, yanzu bai sani ba, kuma ba zai ce ya sani don a bar masa kujera ba. Aka karɓe ajin manya daga hannunsa aka ba wani. Mutanen da ya riƙe wa jarirai a wurin baftisma yanzu daga nesa suke ɗaga masa hannu. Ranar Lahadi yana zuwa da wuri kamar kullum, ya zauna a ajin a kujerar baya, Littafinsa a buɗe a kan gwiwa.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Ina share a-kori-kurar Duane, sai na ci karo da cizal, ƙarfen sassaƙa dutse, da guduma a ƙarƙashin kujera, an naɗe su a tsumma, bakin cizal ɗin duk farar ƙurar dutsen kwari. Na kai su ɗakin girki na ajiye a gabansa. Ya ce Royce ne ya ara wai zai share datti daga jikin dutsen, shi bai bi shi kwari ba. Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye su, ya ce shi bai ɓoye ba, ajiyewa ya yi. Daga nan ya ɗauki hularsa ya ce zai duba famfon shanu. Yaya, tun muna 'yan makaranta na san mutumin nan, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ina so in gaskata shi. Amma na tuna hawayen da ya yi a kwari, na rasa ko na murna ne ko na wani abu dabam. Tun ranar yana gaishe da Baba ba tare da ya kalli idonsa ba, kuma ina jin Baba ya lura.

Game da Signe kuwa, har yau ban gamsu da miliyoyin shekarunta ba, kuma ina ci gaba da sa ido. Sai dai ita ce ta tsaya kusa da kakanta ranar taron, ta riƙe masa hannu har mota. Kada ka yi mata faɗa kafin ka ji ta bakinta. Ƙasusuwan suna nan, Baba ya lulluɓe su da tamfol, ya ce ba mai taɓa su sai kun zauna kai da shi. Don Allah ka nemi hutu ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Baba ba zai roƙe ka ba, ni ce nake roƙo. Yana bukatar ɗansa a kusa da shi a benci, ni kuma ina bukatar wanda zai zauna da Duane ya tambaye shi abin da na kasa sake tambaya.

Ka gaishe mini da Marit da kyau, da Leif da ƙaramin Anders. Baba yana gaishe ku, ya ce ka daina aiko masa da hular ulu, kansa ɗaya ne. Goggo Thelma da Kurt suna miƙa gaisuwa. Duane ma ya ce in gaishe ka, bai san abin da na rubuta ba. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Verna