Na Aika Tuwon Sallah a Roba, Inna Ta Daina Zuwa

Hajiya Nana Firdausi, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka ki warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun Ƙaramar Sallah, ga Babba ta ƙarato ban san inda na dosa ba. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya zage ni, shi ya sa ma nake jin nauyin kawo maganar. Amma ni tun ina ƙarama ba na iya barin abu sai na ji dalilinsa, har a gida ake ce mini sarkin tambaya.

Ni ma'aikaciya ce a Gumel, da aurena da yara huɗu. Mahaifiyarmu, da muke kira Iya, ta rasu shekara uku ke nan. Da ranta, kowace Sallah ita ke fara hura wuta a layinmu. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta jera kwanuka a tsakar gida har ba wajen sa ƙafa, a yi ta kaiwa gidajen dangi da maƙwabta. Duk kwanon da ya fita kuma ba ya dawowa wayam. Da ta rasu, da yake ni ce babba, sai na ɗauki abin ba tare da kowa ya ce in ɗauka ba.

To, a Sallar bara miyata ta kama, ta ɗan yi ƙauri, na rufe ido na raba ta haka. Bayan la'asar aka dawo mini da wani kwanona daga unguwar dangin maigidana. Na buɗe na ɗanɗana, har na fara mitar wace ce wannan da ba ta iya tsayawa a kan tukunya ba. Ban rufe baki ba na gane ƙaurin. Miyata ce, Hajiya. Da na bi diddigi, gida uku ta zaga: wadda na aika wa ta juye ta aika wa wata, waccan ma ta juye, har ta dawo inda ta fito. Na yi dariya har da hawaye, amma daga baya na zauna ina tunani. Ashe duk hayaƙin nan da ciwon baya, tuwo ne kawai yake yawon Sallah a gari? Ga kwanuka suna ɓata, murfin wannan a kan wancan, a yi mako ana cigiya.

Shi ne bana na ce zan yi wayo. Maigidana yana cin kasuwar Maigatari duk Alhamis, na sa ya sayo mini robobin nan masu murfi da ake raba abinci a wajen biki, a ci a yar. Kowa ya samu nasa, ba mai wahalar dawo da komai. Kafin azahar na gama, na yi wanka na zauna. Sai dai gidan ya yi tsit. Ni na nemi hutu na kuma samu, amma sai ga ni ina ta leƙen ƙofa.

Babbar damuwata ita ce Inna Ummu, ƙanwar Iya, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. A Sule Tankarkar take zaune. Tuwonta yana da langarsa daban tun zamanin Iya, wata tsohuwa fara mai shuɗin baki, da ɗigo uku na jan fenti a gindinta. A tasha ake ba direba ya kai mata. Kwana uku da Sallah sai Inna ta ɗauko langar da kanta, cike da daddawa ko kuka, ta wuni. Bayan rasuwar Iya ma ba ta fasa ba, gidana take kawowa. Ta zauna can bakin ƙofar kicin don kunyar maigidana, tana ba ni labarin ƙuruciyarsu da Iya, har da yadda suka taɓa ɓata a gonar gero suna bin zabbi.

Bana nata ma a roba na zuba. Na cika mata nama fiye da kullum, na haɗa da turmin atamfa. Ba ta zo ba. Da na kira ta, ta yi godiya, ta sa albarka, ta ce tunda babu kwanon mayarwa ai na hutar da ita hawa mota. Babu fushi a muryarta, amma tun daga ranar hirarmu a waya ba ta wuce gaisuwa.

Hajiya, mene ne a cikin kwano? Abincin ai bai canja ba. In zumuncin na gaske ne, me ya sa zai rataya a jikin tsohuwar langa? Ko dama duk sabo ne muke yi wa juna? Ba na son in koma yin abu don kawai na taras ana yi. Kuma ina tsoron rasa Inna, don ita kaɗai ce in ta yi dariya nake jin muryar Iya.

'Yar Iya, Gumel

Wa alaikumus salam, 'Yar Iya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Miyarki ta ba ni dariya, don ni ma tawa ta taɓa dawo mini, sai dai ni ban yi jarumtar faɗa wa kowa ba.

Gajiyarki gaskiya ce, tambayarki ma ba laifi ba ce. Addini ya ce mu sada zumunci, bai ce lallai sai da kwano ba. Mace mai aiki da yara huɗu tana da haƙƙin ta rage wa kanta nauyi.

Amma ki sake duba miyar nan da ta zaga gida uku. A cikin matan da suka juye ta, mai yiwuwa akwai wadda tukunyarta ba ta isa ta cika kwanukan da suka shigo mata ba. Da miyarki ta fita kunya, ba wanda ya sani, ke ma ba ki sani ba. Ni ban ga asara a nan ba, rufin asiri na gani.

Ita kuwa Inna, ke da bakinki kika ce a ƙofar kicin take zama don kunyar mijinki. Tsohuwa irinta ba ta tashi haka kawai ta tafi gidan suruki, sai da dalilin da za ta faɗa in an tambaye ta ina zuwa. Langar nan ita ce dalilinta. Kuma ba hannu sake take shigo miki ba, ta zo ne da abin da ta daka da hannunta, don haka kanta a ɗage. Da kika aika roba, kin ɗauke mata dalilin zuwa. Da kika ɗora atamfa, kin ba ta abin da ba ta da irinsa ta mayar. Ke hutu kika nufa, ita kuma abin da ta ji shi ne ba sai ta zo ba. Da ta fito fili ta faɗa miki da ya fi sauƙi, amma manyanmu ba haka suke magana ba, kada ki zauna jiran hakan.

Ga shawarata. Ki rage gidajen, ki bar roba ga abokan aiki da waɗanda gaisuwa ce kawai tsakaninku. Waɗanda kike son ganin ƙafarsu a gidanki, ki aika musu kwano, ko da murfi zai ɓata.

Inna kuwa kada ki jira Sallah. Asabar ɗin nan ki tuƙa tuwon da kuke ci kullum, ki kaɗa miyar kuka da sauran daddawarta, ki zuba a langar Iya, ki kai mata da kanki. Ba sai kin yi dogon ban haƙuri ba, zai sa ta jin nauyi. Tunda ke sarkin tambaya ce, ki tambaye ta wa ya ɗiga jan fentin nan uku, kuma tun yaushe langar take bin wannan hanya. Ita kaɗai ta rage da za ta iya gaya miki.

In kin tashi tafiya, ki bar langar a ɗakinta. In ta biyo ki ƙofa ta ce kin manta kwanonki, ki ce mata ba mantawa kika yi ba, kuma daddawarki ta ƙare.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya kai mu Sallah lafiya, ya sa ki ji sallamarta a ƙofarki.

Hajiya Nana Firdausi