Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙane ga wansa. Ya jiki, ya ƙugun? Ina fata sandar ta fara sabawa da kai, don na san kai ba za ka saba da ita ba. Ka gaishe mini da 'yata Malama, Allah Ya biya ta ɗawainiyar da take yi da kai. Dole ce ta mayar da ni ga takarda, don kiran da na yi maka rannan sai da maƙwabta suka leƙo suna tambayar da wa nake faɗa. Injinan masaƙa sun cinye maka kunne, ni kuma waya ta kusa cinye mini maƙogwaro.

Yaya, gyara zama. Na sayi mota! Sabuwa dal, da ledarta a kujera. Ja ce wur, 'yar ƙarama, ƙofa biyu, irin wadda ake yi don gudu. Kada ka ce komai, na san abin da za ka ce. Ƙuruciyata duk na ƙarar da ita ina tuƙa doguwar baƙar motar kamfani, manaja a baya da jarida, ba abin da ke haɗa mu sai "tsaya" da "mu je". Ban taɓa taka totur yadda raina yake so ba. Da suka sallame ni sai na ce kafin ƙafa ta mutu bari in ji yadda abin yake.

Ranar da na ɗauko ta na shigo layinmu a hankali, na tsaya a ƙofar gida na danna hon. Wallahi sai da na danna na tuna babu mai fitowa. Da marigayiya matata tana nan da ta leƙo da ludayi a hannu ta ce tsufa ya zo mini da hauka. Na zauna a ciki har injin ya huce, sannan na shiga na dafa shayi.

Saƙonka na in tattara in dawo wajenka da zama ya iso. Na gane. An yi wa Malama canjin wurin aiki zuwa nesa, ba za ta bar ka kai kaɗai ba, in ban zo ba za ta rufe gidan ta tafi da kai. Ba ƙi na yi ba. Bari in zo da motar in ɗauke ka mu sha iska, mu yi maganar a hanya, ni ina zuba kai kana gyaɗa kai kamar kana ji.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Auta

*

Auta,

Takardarka ta iso. Muna lafiya, ƙugu da sauƙi. Allah Ya sa alheri a motar, Ya kiyaye hanya. Ni ban ce komai ba, kai ka faɗa da bakinka.

An share ɗakin da ke kallon bishiya, an sa labule. Malama za ta kama aiki a can da zarar hutun makaranta ya ƙare. Ba ta matsa mini ba, amma ina ganin kwalayen da take tarawa a bayan ƙofa. Gidan nan da hannuna na ɗora bulonsa. Ba na son in ƙarasa kwanana a benen haya inda ban san kowa ba. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Ka duba mai da ruwa kafin ka taso.

Yayanka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya kai da Malama. Ka ce in duba mai da ruwa, to shawararka ce ta jawo jinkirin nan, kada ka ga laifina.

Na shiga da ita wani gareji a bayan tashar mota don a duba. Mai wurin ana ce masa Dogo, makanike ne, in ya miƙe sai ka ɗaga kai. Ina shiga duk suka ajiye sifana suka zagaye ta. Mai walda ya ce, "Baba, taka ce ko ta ɗanka?" Na ce tawa ce, ni ne ɗan. Suka fashe da dariya. Yaya, rabon da in faɗi magana mutane su yi dariya har na manta.

Dogo ya tayar da ita, ya kara kunne, ya ce mota kam mota ce, amma kamfani ya toshe mata baki. Ya ce mota irin wannan bai kamata ta riƙa magana kamar amarya ba. Muka cire salansar muka sa wata mai faɗin baki. Kai, ka ji ta yanzu! To, ba za ka ji ba, amma karnukan layinmu suna ji. Da aka gama sai mai fenti ya ce wilin bai dace da muryar ba. Gaskiyarsa, don haka muka sa baƙaƙe masu sheƙi da taya mai faɗi. Sai an jira an kawo su daga wani wuri, shi ya ci kwanaki.

Kullum da safe nakan je in ga inda aka kwana. Ba ni da aikin yi a can, ina zaune ne a kan tsohuwar taya ina shan shayinsu, ina ba su labarin manaja. In rana ta faɗi suka ja ƙofa, sai in koma gida. Gidan ya yi mini girma, Yaya. Nakan kunna rediyo a ɗaki in bar ta tana magana, don in na shiga kicin in ji kamar da mutum a ciki.

Saura kaɗan a gama. Ina nan tafe.

Naka, Auta

*

Auta,

Mun ga takarda. Ban san mota sabuwa tana bukatar gyara ba. A zamaninmu sai abu ya lalace ake kai shi gareji.

Malama ta naɗe labulayen falo. Jiya wani ya zo duba gidan, ya buɗe ɗakin tsohuwarmu ba sallama, yana ƙwanƙwasa bango. Na zauna ina kallonsa. Ta ce masa ba a yanke shawara ba tukuna, muna jiran baffanta.

Kullum bayan la'asar ina sa a fitar mini da kujera ƙofar gida. Likita ne ya ce in riƙa shan iska.

Yayanka

*

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa. Ka ce wa mai ƙwanƙwasa bango ya je ya ƙwanƙwasa na ubansa. An gama! Ranar Asabar in Allah Ya yarda za ka gan ni da hantsi.

Abu biyu muka ƙara. Dogo ya ce ta yi tsayi, iska tana shiga ƙarƙashinta, shi ya sa take rawa a kwana. Aka rage mata tsawo. Yanzu in ta tsaya, da ƙyar tafin hannu ke shiga tsakaninta da ƙasa. In zan haye tudun da ake yi a titi don rage gudu sai na karkace na bi shi a kaikaice, masu babur suna zagina. Sannan muka cire kujerun gaba muka sa irin na 'yan tsere, masu zurfi da gefe mai tudu, in ka zauna sai su rungume ka ta ko'ina. Na gwada ta a sabuwar kwalta ta bayan gari. Yaya, na taka. Na taka har sitiyari ya yi nauyi a hannuna, na yi ihu ni kaɗai, na juya gefe in ce "ka gani?" To, ranar Asabar akwai wanda zan ce wa.

Ka sa kayanka masu kyau. Gaba za ka zauna.

Auta

*

Baffa,

Ina gaishe ka da ladabi, amma ka yi haƙuri, wannan takarda ba mai daɗi ba ce. Baba bai san na rubuto ba.

Tun asuba ranar Asabar ya sa na goge masa farar rigarsa. Ya yi aski, ya shafa turare, ya ƙi karyawa wai kada ka zo yana ci. Da ka shigo layi ni na ji ƙarar, na taɓa kafaɗarsa, ya miƙe da sanda ba tare da na kama shi ba. Rabon da ya yi haka tun kafin ya faɗi.

Baffa, mutumin da aka sa wa ƙarfe a ƙugu, wanda kujerar falo ma sai mun ɗora mata matashi biyu, shi ka kawo wa motar da sai an durƙusa ake shiga? Kai ka riƙe hannu ɗaya, ni ɗaya. Ya sa ƙafa, ya sunkuya, gefen kujerar ya tokare shi. Ya sake gwadawa ta baya. Ka ga gumin da ya keto masa, ka ji ƙarar da ya yi, ga mutanen layi sun tsaya suna kallo. Shi ya fara dariya don ya rufa maka asiri.

Duk wannan ban riƙe ka da shi ba, kuskure ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tafiyarka. Ko ɗakin da aka share maka ba ka leƙa ba. Ka sha ruwa a tsaye, ka ce akwai abin da za a gyara, ka ja mota. Abincin da na dafa dominka maƙwabta na raba wa. Baba ya zauna a ƙofa da farar rigar har magariba.

Ni ba na son raba shi da gidansa, Allah Ya sani. Amma aiki ba zai jira ni ba, kuma ba zan bar shi da bango huɗu ba. In za ka zo ka faɗa, in ba za ka zo ba ka faɗa, ya daina sa a fitar masa da kujera.

'Yarka, Malama

*

'Yata,

Na karɓa, kuma ba ki faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ki karanta, in kin ga dama ki miƙa masa.

Daga gidanku gareji na nufa kai tsaye. Na ce wa Dogo a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, yau ɗin nan. Ya sosa ƙeya. Ashe da za a rage mata tsawo ba canza sifirin suka yi ba, yanke na asalin suka yi da injin yankan ƙarfe, ni ina zaune ina zuba labari ban ko duba ba. Sababbi sai an yi oda, kuma motar sabon yayi ce, ba wanda ya san ranar da za su iso. Na ce to kujerun fa? Ya nuna mini da baki. Mai walda ya yi musu ƙafafu ya kafe su a gindin bango wajen tukunyar shayi. A kan ɗaya daga ciki nake zama kwanan nan, har ina yaba taushinta. Na ce a ciro. Suka ce ko an ciro, an yanke ƙarfen da ke riƙe ta a mota. Na tsaya a tsakiyar gareji, tsoho da ni. Wani ya miƙo mini shayi.

Kin tambaye ni in faɗa. Tsoro nake ji, 'yata. Ni na yi jinyar matata har ƙarshe, ni na ɗaga, ni na kwantar, ni na rufe mata ido. Da na riƙe hannun Yaya rannan sai na ji yadda ya zama ba nauyi. Wannan mutumin shi yake ɗaukata a kafaɗa in mun dawo daga makaranta. Na ga abin da ke gabana in na zauna a ɗakin nan, na kasa. Duk ƙarfen da na sa aka ɗaura wa motar nan, ina ganin don in ƙara kwana ɗaya ne ban amsa muku ba. Amma wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ba zai iya shiga ba. A kaina har yanzu shi ne mai tsallake kwata da buhu a ka.

Motar tana ƙofar gida na rufe ta da tampol. Garejin ma na daina zuwa. Ki ba ni lokaci kayan su iso, in zo kamar mutum.

Baffanki

*

Auta,

Malama ta ba ni takardarka. Na karanta sau biyu.

Ka bar wa mutane kujerunsu. Motar ma ka bar ta yadda take, ta yi kyau. Da kuke ta fama da ni rannan injin yana aiki, na dafa rufinta don kada in faɗi, sai na ji ta a tafin hannuna har kafaɗa. Rabona da jin inji tun masaƙa. Na so in gaya maka, na ɗago ka riga ka juya baya.

Jinya ba ita na kira ka ka yi ba. Ina iya wanka, ina iya cin abinci. Wanda zan kalla a ce ga wani a gidan nake nema. Tsoron da kake ji ni ma ina ji, kuma ni ne a cikin jikin.

Babu lokacin jiran sifirin. Motar kaya za ta zo ranar Laraba da safe. Na ce wa Malama gado biyu, nawa da na ɗakin da aka share maka, za a ɗauka a ƙarshe. In ka iso kafin a ɗaure igiya, za a sauke nawa kayan.

An tone bakin layinmu ana sa bututu, motarka ba za ta wuce ba. Ka ajiye ta a titi ka tako da ƙafa.

Yayanka